Yadda ake kwance adaftar firama da ta cije a bindigar harba-ka-ruga

Da zarar damina ta ɗauke a Garwa da Marwa da ke arewacin Kamaru, mafarauta da 'yan bindigar hawan Sallah kan janyo bindigoginsu daga ƙarƙashin gado, sai a tarar ɗan ƙarfen nan mai rami da ake murɗawa a gindin bututu ya ƙi motsi. A kansa ake ɗora hular wuta, wato 'yar hular ƙarfen da ke kunna albarushi, wasu kuma sun musanya shi da adaftar da ke ɗaukar firama mai lamba 209, irin wadda ke gindin harsashin kaliba 12. Ko wanne ne a bindigarka, ciwon ɗaya ne. Tokar da baƙin albarushi ke bari tana ɗauke da gishiri da farar wuta, tana kuma zuƙar laima daga iska. In aka ajiye bindiga ba wanki ta kwashe watan Agusta a haka, tsatsa sai ta haɗe tiredin adafta da na bututu, wato haƙoran murɗinsu.

Kafin ka taɓa sifana, tabbatar babu ɗuri a ciki. Nan ne nake so ka fi daɗewa, ɗan'uwa, domin irin wannan bindiga ba a buɗe ta ta baya a leƙa, kuma albarushin da ya shekara a busasshen wuri yana nan da ransa. Cire firamar in tana kai, ka juya bakin bindigar inda babu mutum ko dabba. Zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka sa alama daidai bakin bututu, ka zaro ta ka shimfiɗa a jikin bututun ta waje. In ƙarshenta bai kai wajen adaftar ba, akwai kaya a ciki. To ka tsiyaya ruwa ta baki da ta ramin adaftar, ka bar albarushin ya jiƙe sharkaf, sannan ka zaro harsashin da sanda mai sukuru a kai. Kada ka ce bari ka harba ta fita. Ba ka san me aka ɗura ba, ba ka san ko sau biyu aka ɗura ba.

Sai ka raba bututun da kotarsa ta itace.

Yawancin mutane daga nan mai suke nema, ni kuwa ruwa nake fara sawa. Wannan tokar a ruwa take narkewa, mai ba ya cin ta. Tafasa ruwa, ka jefa ɗan sabulu, ka tsoma gindin bututun har adaftar ta nutse. Naɗa tsumma a sandar ɗuri ka riƙa turawa kana ja, za ka ga baƙin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai yana feshowa ta ramin. In ramin ya toshe, tsokane shi da siririyar waya. Ci gaba har ruwan ya washe, ka goge, zafin ƙarfen zai ƙarasa busar da shi.

Yanzu lokacin mai ya yi. WD-40 yana yi, kananzir ma yana yi, amma baƙin man mota ya yi kauri, ba ya ratsa tiredi. Ɗiga a kewayen adaftar, ka kuma zuba kaɗan ta cikin bututun, ka jingine shi gindi a ƙasa yadda man zai isa tiredin ta ciki. Bar shi ya kwana. In tsatsar ta yi nisa, ƙara masa kwana biyu kana sabunta man.

Wajen murɗawa ake yin ɓarna. Ɗaure bututun a matsi, ka sa fata ko katako tsakani don kada ya ƙwarzane. Nemi sifanar da ta zauna daram a kafaɗun adaftar. Filaya ba ta aikin nan, cinye kafaɗun take yi ta bar ka da abu mulmulalle. Ɗan ƙwanƙwasa jikin ƙarfen da ke kewaye da ƙaramar guduma, a hankali, don tsatsar ta tsage. Danna sifanar ƙasa sosai, ka ɗan murɗa dama kamar za ka ƙara ɗaurewa, sannan ka koma hagu. Da ka ji ta yi ƙas ta motsa, tsaya, ƙara mai, ka riƙa kai da komo har ta saki. Kada ka zura dogon fayif a sifanar don ƙarin ƙarfi, wuyan adafta siriri ne, karyewa zai yi.

In har ta ƙi, goge man tsaf ka sake kwarara tafasasshen ruwa a gindin, ƙarfen waje ya ɗan buɗa, ka gwada da zafinsa. Ban yarda a kai bututu gaban zugazugi ba. Ƙarfen da ya yi jawur ya canza hali, kuma gindin ne ke ɗaukar dukan ƙarfin harbi, dab da fuskarka.

Idan ta karye a ciki ko kafaɗun sun cinye, aikin ya wuce na gida. Kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya huda ta ya zaro guntun, ba mai walda ba. Tafi da takardunka na izini, tunda dokar Kamaru mai lamba 2016/015 ta 14 ga Disamba 2016 ce ke tsara riƙon makamai, hanya kuma ba ta rasa jandarmomi.

Bayan ta fita, haska tocila ka duba tiredin bututun. In ya cinye, kar a sake harbi da shi sai an gyara, don adaftar da ba ta kama ba tana iya fizgewa ta yo baya. Sabuwa kuma sai mai tiredi iri ɗaya: awon tiredin bindigogin Amurka galibi 1/4-28 ne, na Italiya M6x0.75, na Sifen M6x1, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Fara murɗa ta da yatsa. In ta cije tun zagayen farko, ba ta wannan bututun ba ce, fitar da ita. Shafa ɗan giris a tiredin kawai, ban da ramin wuta, ka ɗaure daidai wa daida. Daga yau kuma duk ranar da ka yi harbi, kwance adaftar ka wanke da ruwan zafi kafin ka kwanta.