Yadda ake lissafin nisa da tsawon tafiyar jirgin sama tsakanin birane biyu

Fara da filayen jirgin, domin birni ɗaya kan iya mallakar fili fiye da guda. Landan kaɗai tana da Heathrow da Gatwick da Stansted. Kowane fili yana da lambarsa ta haruffa uku: Heathrow LHR, filin Kennedy na New York kuwa JFK. Ka shigar da lambobin biyu a shafin Great Circle Mapper, ko ka ja layi da ma'aunin Google Earth, za ka samu kusan kilomita 5,550.

Kada ka ɗora rula a kan taswirar bango. Duniya a dunƙule take, kuma hanya mafi gajarta ita ce wadda zare zai bi idan aka miƙe shi a kan taswira mai siffar ƙwallo. A shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta fito a lanƙwashe kamar baka, ta karkata arewa ta gaɓar Kanada. Ka kuma lura da ma'auni: mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, mil na teku da matuƙa ke amfani da shi 1.852 ne.

Sai lokaci. Babban jirgin fasinja yana gudun kilomita 850 zuwa 900 cikin awa idan ya daidaita a sama. Raba 5,550 da 850, ka samu awa shida da rabi. Ƙara minti talatin na tashi da sauka, ya zama bakwai. A gajeriyar tafiya wannan ƙarin ya fi yin tasiri, don jirgin bai gama hawa ba zai fara sauka.

Iska ce ke ɓata wannan lissafi. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai tasowa daga New York tana tura shi, ya isa cikin kimanin awa bakwai. Mai tasowa daga Landan kuwa karo yake yi da ita, sai ya kwashe wajen takwas. Nisan ɗaya ne, lokacin ya bambanta, saboda haka a lissafa zuwa daban, dawowa daban. Rufe sararin samaniya ma yana tsawaita hanya. Tun 2022 jiragen Turai masu zuwa Japan ke zagaye Rasha, abin da ya ƙara musu sa'o'i.

Inda aka fi ruɗewa shi ne tikiti, domin kowane lokaci da aka rubuta agogon garin ne. Tashi 10:00 daga Landan, sauka 13:00 a New York, ba awa uku ba ce. Landan tana gaba da awa biyar, ke nan tafiyar takwas ce. A wasu makonni na Maris da ƙarshen Oktoba tazarar takan koma huɗu, saboda Birtaniya da Amurka kan gusar da agogonsu da awa ɗaya sau biyu a shekara, amma ba rana ɗaya suke yin hakan ba. Mafi aminci, ka mayar da lokutan biyu agogon GMT kafin ka ɗebe ɗaya daga ɗaya.