Yadda Matafiyi Daga Abuja Zai Sauka a Tsohon Masaukin Ƙauyen Bakin Teku a Ingila

Yawancin mutanenmu da ke tashi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa Landan, ko don karatu ko jinya ko ziyarar 'ya'ya, sukan dawo gida ba su ga komai na ƙasar ba sai tituna da kantuna, alhali tafiyar 'yan sa'o'i a jirgin ƙasa za ta kai mutum ƙauyukan masunta da ke bakin teku. A irin waɗannan ƙauyuka, sau da yawa wurin kwana mafi tsufa shi ne gidan da Turawa ke kira pub: a ƙasa ana sayar da abinci da abin sha, har da giya, a bene kuma akwai 'yan ɗakunan baƙi. Ga mutanen ƙauyen, gidan tamkar majalisa ne, inda ake haɗuwa da yamma a ji labarin gari. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da kwana inda ake sayar da giya ba, gara ya nemi gidan baƙi na daban, kuma ba a rasa su a waɗannan wurare. Wanda ya yanke shawarar sauka kuwa, akwai abubuwan da ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗi.

Ka fara da zaɓen ƙauye bisa ga hanyar isa gare shi. Daga tashar Paddington ta Landan zuwa Penzance, a yankin Cornwall, tafiyar kimanin sa'o'i 5 ce, daga nan bas zai kai ka Mousehole, ƙauyen da sojojin Sifaniya suka ƙona a 1595, inda masaukin Ship Inn yake fuskantar matsayar jiragen masunta. A arewa, a Yorkshire, akwai ƙauyen Robin Hood's Bay da ya yi suna da 'yan fasa-ƙwauri a ƙarni na 18. Jirgin ƙasa ba ya zuwa can, sai ka sauka a Scarborough ko Whitby ka hau bas. A Clovelly kuwa, cikin Devon, mota ba ta bin babban titin ƙauyen, domin gangare ne mai tsananin tsayi da aka shimfiɗe da duwatsu. Saboda haka manyan akwatunan da muka saba lodawa ka bar su a Landan, ka ɗauki jaka ɗaya da za ka iya saɓawa.

Kafin ka kama ɗaki, ka buga waya ko ka aika saƙo, kada ka dogara da hotunan intanet kaɗai. Waɗannan gine-gine sun daɗe, matakalarsu ƙunci gare ta, rufinsu gajere ne, kuma da wuya a samu na'urar hawa bene, don haka idan da dattijo a tafiyar ka nemi ɗakin da ya fi kusa da ƙasa. Ka tambaya ko banɗaki yana cikin ɗakin, ka roƙi ɗakin da ba ya saman wurin shaye-shaye saboda hayaniyar dare, ka kuma tambayi lokacin da ake rufe kicin, domin a ƙauye idan ya wuce ba lallai ka samu wani wurin cin abinci ba. Tambayar da aka fi mantawa ita ce ta karnuka: gidaje da yawa suna barin baƙi su shigo da su har ɗakin kwana, kuma kana da damar neman ɗakin da ba a sa kare a ciki.

Batun abinci shi ya fi buƙatar natsuwa. Kifi ne arzikin waɗannan wurare, amma soyayyen kifi da dankali, wanda shi ne abincin da kowa ke nema, sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullun da ake tsoma kifin a ciki, a Yorkshire kuma wasu da kitsen shanu suke suya. Ka tambaya kai tsaye, ba abin kunya ba ne, kuma sun saba da irin tambayar. Idan amsar ba ta gamsar da kai ba, ka ce a gasa maka kifin. Karin kumallon da ake haɗawa cikin kuɗin ɗaki yakan zo da naman alade da wani tsiran jini, don haka tun da dare ka gaya musu kana son ƙwai da wake da tumatir da burodi, ko kuma kyafaffen kifi, wanda garin Whitby da ƙauyen Craster suka shahara da shi. A ganina wannan kyafaffen kifin, mai ƙamshin hayaƙin itace kamar bandar da muka sani, ya isa dalilin tafiyar. A wajen abin sha, ka lura cewa abin da suke kira cider giyar tuffa ce. Ruwan famfo kyauta ne idan ka nema, haka doka ta tanada.

A yawancin gidajen ba a zuwa teburinka a tambaye ka. Kai za ka je gaban kanta ka faɗi abin da kake so da lambar teburinka, ka biya. Ba a shan taba a ciki tun 2007.

Ka tafi da butarka da dardumarka, domin ba za ka same su a can ba, kuma masallaci yana iya yin nisa ƙwarai. Alƙibla daga Ingila tana kudu maso gabas, a watan Yuni kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare. Idan za ka taka yashin bakin teku, ka tambayi mai masaukin lokacin cikowar ruwa, domin sau biyu teku ke cikowa a kowace rana, kuma a Robin Hood's Bay ruwan yakan rufe gaɓar har ya iso gindin katangar ƙauyen.