Darasi na Tara: Tallafin Kuɗi a Gidan Ƙaramin Manomi

Tallafin kuɗi shi ne kuɗin da gwamnati ko wata ƙungiyar agaji take bai wa iyali masu ƙaramin ƙarfi, ko dai hannu da hannu, ko ta waya, ko ta asusun banki. Ba bashi ba ne, saboda haka ba a mayar da shi. Ya bambanta da rabon hatsi, domin wanda aka bai wa buhun masara sai dai ya ci masara, amma wanda aka bai wa kuɗi shi zai duba abin da ya fi damun gidansa a wannan makon, ko gero ne, ko magani, ko kuɗin mota zuwa asibiti.

A Nijeriya, Gwamnatin Tarayya ta fara babban shirinta a shekarar 2016 da rancen Bankin Duniya, inda aka yanka wa kowane gida Naira 5,000 a wata, ana biya Naira 10,000 duk bayan wata biyu. Daga baya an zuba wa shirin kuɗin marigayi Janar Sani Abacha da ƙasar Siwizalan ta dawo da su, kimanin Dala miliyan 322. A Jamhuriyar Nijar kuwa an fara tun 2011, ana bai wa gida jaka goma ta sefa, wato sefa 10,000, a kowane wata har tsawon wata 24, a ƙauyukan jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Dosso da Tilaberi. A ƙasashen biyu mata ne akasari suke karɓa.

Mai sauraro zai iya cewa wannan kuɗi ai bai taka kara ya karya ba, kuma yana da gaskiya ta wani gefen. Amma ba a auna amfaninsa da yawansa kaɗai. Ana auna shi da lokacin da ya shigo gida, da kuma tabbacin cewa zai sake shigowa.

Lokacin da rumbu ya yi ƙasa

Mu ɗauki misalin magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, wanda abin da yake nomawa ba ya kai shi shekara. Da kaka yana sayar da wani kaso na geronsa da wakensa a lokacin da kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, saboda akwai bashin da ake binsa da suturar yara da sauran lalurori. Idan bazara ta wuce, ruwa ya sauka, sai rumbu ya yi ƙasa, ya koma kasuwa yana awon hatsin da tsada, tiya-tiya. Watannin Yuli da Agusta su ne mafi tsanani, domin tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga sauro ga zazzaɓin cizonsa yana kwantar da yara.

A nan ne talauci yake ɗaure mutum. Wanda ba shi da abin sa wa a tukunya dole ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago gonar mai hali, don ya samo kuɗin awon yini. Kafin ya dawo ga tasa gonar ciyawa ta ci ƙarfinta, lokacin noman farko ya wuce, maimai ma sai a makare. Da kaka sai amfanin ya zo kaɗan, ga kuma hatsin da ya ranta a damina wanda zai biya da ƙari. Baɗi sai rumbu ya ƙare da wuri fiye da bana. Ba lalaci ne ya jawo wannan ba, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya da yunwa a cikinsa ya san haka. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Idan uwargida ta karɓo tallafi a irin wannan lokaci, abu na farko da yake canzawa shi ne kwanakin da maigida zai yi a gonarsa. Awon kwana goma da aka yi da kuɗin tallafi yana nufin kwana goma da bai je ƙwadago ba. Abu na biyu shi ne akuyar da aka saba kaiwa kasuwa a sayar da arha duk ranar da yaro ya kwanta, yanzu za ta iya zama a turke har ta haihu. Na uku shi ne mutunci a wurin mai kanti da mai awo, domin sun san akwai ranar biya, ba sa jin nauyin ba da bashin sabulu ko man gyaɗa.

Uwa da jariri

Tsakanin 2013 da 2019 an gudanar da wani shiri a ƙananan hukumomin Anka da Tsafe a Jihar Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jihar Jigawa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Ana bai wa mace Naira 3,500 a wata, daga baya aka mayar da shi 4,000, tun tana da juna biyu har yaronta ya cika shekara biyu, tare da koyar da ita zuwa awon ciki, da shayar da nono zalla na wata shida, da yadda ake haɗa abincin yaro. Binciken da aka yi a kan shirin ya nuna cewa tsumburewar yara ta ragu, kuma mata da yawa sun sayi dabbobi ko sun kama ƙaramar sana'a. Abin lura shi ne kuɗin da ilimin tare suka yi aiki. Sanin cewa ƙwai da wake da zogale suna gina jikin yaro ba ya amfanar uwar da ba ta da abin saye, haka nan kuɗi ba ya gyara kunun da ba a san abin da za a zuba masa ba.

Akwai masu fargabar cewa bai wa mace kuɗi zai kawo rigima a gida. Hakan yana iya faruwa idan aka yi ɓoye-ɓoye, musamman a gidan da akwai abokiyar zama. Maganinsa shi ne a zauna tun kafin ranar biya a yi shawara, a san na awo, a san na magani, a san na ajiya.

Tallafi yana da ranar ƙarewa

Babu shirin da yake dawwama. Na Nijar wata 24 ne, kuma wanda aka sanar a Nijeriya a 2023, bayan cire tallafin man fetur, Naira 25,000 ne a wata har wata uku kacal. Wani lokaci biyan yana makara, tsadar kaya kuma tana cinye darajar kuɗin, domin abin da Naira 5,000 take saye a 2017 ba ta sayen sa a yau. Saboda haka gidan da ya cinye duka a tukunya zai koma inda yake ranar da aka rufe shirin. Wani gidan ba shi da zaɓi, yunwa ce ta tilasta, kuma ba a zarginsa. Amma inda hali ya yi, ko da kashi ɗaya cikin biyar aka ware aka zuba a adashi, ranar kwasa za a iya sayen 'yar akuya ko kaji, ko a yi jarin ƙuli-ƙuli ko daddawa. A Nijar an ga mata masu karɓar tallafi sun ƙara shiga adashi sun kuma ƙara yawan dabbobinsu.

Haka nan ba kowane mabuƙaci ne sunansa yake fitowa ba, kuma wannan yana sosa ran maƙwabta. Wanda aka tsallake yana da damar kai kokensa ga jami'an shirin a ƙaramar hukumarsa.

Ranar karɓa

Ba a biyan ko kwabo don a sa sunan mutum a rajista, kuma duk wanda ya ce a ba shi wani kaso na kuɗin saboda shi ya yi hanya, a kai ƙararsa. Mai karɓa ta riƙe katinta da kanta, kada ta faɗa wa kowa lambar sirrinta, ko da wanda ya bugo waya ya ce daga banki ko daga Abuja yake. Idan ta je wurin mai POS, ta tambayi kuɗin cirewa kafin ya sa katin, ta ƙirga kuɗinta a gabansa, ta kuma karanta saƙon da ya shigo wayarta ta gwada shi da abin da yake hannunta. A nan ne karatun da muke yi a wannan aji yake biyan kansa, domin wadda ta iya bambanta 10,000 da 1,000 a rubuce ba a yi mata ƙwange.

Aikin aji

Kowa ya rubuta a littafinsa jimlar abin da gida zai karɓa a shekara ɗaya idan ana biyan Naira 10,000 duk bayan wata biyu, sannan ya lissafa abin da zai taru idan ana ware Naira 2,000 a kowane biya ana zubawa a adashi. Bayan haka a rabu uku-uku, kowane rukuni ya rubuta sunayen watannin da hatsi ya fi tsada a kasuwar garinsu, da farashin tiyar gero da kaka da kuma farashinta a tsakiyar damina, a kawo wa malami a zama na gaba.