Kiwon Kajin Nama Ba Tare da Zuba Antibayotik a Abinci Ba

Tun watan Janairun 2006 Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, a abincin dabbobi don ƙara musu girma, saboda ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin har ya daina ci, a jikin kaza da na mutum. Aikin antibayotik a abinci dama danne miyagun ƙwayoyin hanji ne. Don haka in an cire shi, hanjin za a gyara, kuma abu ɗaya ba zai wadatar ba.

A fara da ruwan sha. Zuba mililita 5 na ruwan khal a kowace lita, kwana uku a mako, cikin mazubin roba, domin tsami yana cin ƙarfe. A dakata kwana biyu kafin a ba kaji rigakafin cuta a ruwan sha, irin su na Gumboro ko Lasota, in ba haka ba tsamin zai kashe rigakafin.

Furobayotik, wato ƙwayoyin hanji masu amfani irin su Bacillus subtilis, ya fi tasiri a makon farko, kafin miyagun su kama wuri. Bi awon da ke jikin leda. Kada a haɗa shi da antibayotik ko ruwa mai kulorin, asarar kuɗi ce.

Sai kayan gida. Garin tafarnuwa ko citta giram 125 ya isa buhu mai kilo 25. Garin zogale, wanda aka shanya a inuwa, kada ya wuce kilo ɗaya a buhu. In ya yi yawa kaji sukan rage ci. Wurin gaurayawa ake yawan kuskure: a cuɗa garin da mudu ɗaya na abinci tukuna, a juye cikin mudu biyar, sannan cikin sauran. In an zazzaga shi kai tsaye, wasu su ci ya yi musu yawa, wasu ko ƙamshinsa ba za su ji ba.

Duk wannan ba ya aiki a kan jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Damƙi dusar katakon a hannu. In ta dunƙule, a kwashe ta, nan zawon jini ke farawa. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuwa yana lalata hanta, a zubar kawai. Kaji goma a murabba'in mita ɗaya sun isa lokacin zafi.

Idan kaji suka takure, ko aka ga jini a kashinsu, tafarnuwa ba ta warkarwa. A kira likitan dabbobi, a ba da magani cikakke, a cika kwanakin jira, wato lokacin da magani ke fita daga jikin kaza, kafin yanka.