Kafin Ka Tura Kuɗin Kafin Alƙalami: Kurakuran Masu Neman Karatu a Ƙasar Waje

Ranar da saƙon jami'a ya shigo waya cewa an ba ka gurbin karatu, gida kan cika da murna, ana ta barka kamar an riga an sauka a filin jirgi. To amma a duk tafiyar nan, takardar gurbi ita ce mafi sauƙin samu. Jami'o'i da yawa a Birtaniya da Kanada da Ostireliya kuɗin ɗaliban waje na cikin abin da ke riƙe da su, don haka ba rowar gurbi suke yi ba. Wuyar tana wuri biyu: kuɗin da za a kashe kafin a kammala, da kuma abin da takardar za ta tsinana maka bayan an kammala. Yawancin kurakuran da ake tafkawa daga rashin duba waɗannan biyun suke fitowa.

Mafi yawa shi ne mutum ya kalli kuɗin makaranta kawai ya ce ya gama lissafi. Ɗauki biro mu gwada da digiri na biyu na shekara guda a Birtaniya, a wajen Landan, bisa ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025. A wancan lokacin gwamnati na so ka nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara, wato fam 10,224. Kuɗin biza ya koma fam 524 a Afrilun 2025. Sai kuɗin kula da lafiya, fam 776 a shekara, kuma tunda bizar kan zarce shekara guda da 'yan watanni, na shekara da rabi ake biya: fam 1,164, gaba ɗaya, tun kafin a duba takardunka. Haɗa su, ka kusa fam 12,000, alhali ba ka taɓa kuɗin makaranta ba, ba ka sayi tikitin jirgi ba, ba ka biya kuɗin ajiya na ɗakin haya ba, balle rigar sanyi. A Landan kuwa fam 1,483 aka nema a wata a ƙa'idar ta Janairun 2025. Kanada ma ta ɗaga abin da ɗalibi zai nuna daga dala 10,000 ta ƙasar zuwa 20,635 a Janairun 2024, ban da kuɗin makaranta.

Gyaran shi ne a yi lissafin da kuɗin ƙasar da za a je, na dukkan shekarun karatun, sannan a ƙara wani abu a kai saboda canji. Mai ɗaukar nauyinka da kuɗin ƙasarsa yake samu, kai kuma da fam ko dala ko yuro ake binka. Idan darajar kuɗinsa ta faɗi a tsakiyar shekara, jami'a ba ta san wannan zance ba. Rufe maka shafin ɗalibi za ta yi, daga nan kuma bizar ce ke shiga haɗari.

Da zarar ka nuna wa mutum wannan lissafi, amsar da ke biyowa ita ce: "Ai in na je zan yi aiki in biya." Wannan magana ta fi kowace jefa mutane cikin rami. A Birtaniya sa'o'i 20 a mako aka yarje wa ɗalibin digiri lokacin da ake karatu. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a sa'a a Afrilun 2025. Idan ka samu aikin tun makon farko, kuma ba ka taɓa fashi ba, abin da zai shigo bai wuce fam 1,060 a wata ba. Bai ma kai abin da gwamnati da kanta ta ce kana buƙata don ci da kwana ba, ina kuma batun kuɗin makaranta? A Amurka sa'o'i 20 ɗin ma a cikin harabar jami'a ne. Kanada ta tsayar da 24 a mako tun Nuwamban 2024, Faransa 964 a shekara, Jamus kwana 140 cikakku ko rabin yini 280. Wanda ya zarce ya karya sharaɗin bizarsa. Wanda kuma ya koma aikin ɓoye na biya a hannu, ya miƙa wuyansa ga mai aikin da ya san ba shi da bakin kai ƙara. Aikin ɗalibi na rage zafi ne, ba ya ɗaukar kaya.

Sai batun shaidar kuɗi a banki. Na ga wanda aka hana biza a kan abin da bai kai kuɗin kwanan ɗaki ba. 'Yan'uwa sun haɗa masa kuɗin cif-cif, ba ƙari ko kaɗan, suka zuba a asusunsa. A kwana na goma sha wani abu banki ya zare 'yan kuɗin hidimarsa, adadin ya sauko ƙasa da abin da ake nema, washegari aka cike. Shi bai ma lura ba. Amma ƙa'idar Birtaniya ta ce kuɗin su zauna kwana 28 a jere ba tare da sun gaza ko na yini ɗaya ba, kuma mai duba takardu layi-layi yake bi. Kuɗin bizar ya tafi, lokacin shiga aji ya wuce. A bar rara a asusun, a kuma daina taɓa shi har a gama. Wanda kuma ya ari kuɗin don a nuna kawai a mayar wa mai shi, ko ya tsallake wannan shingen, yunwa na jiransa a gaba, domin adadin nan ba don ado aka sa shi ba.

"Jamus kyauta ce" gaskiya ce mai buƙatar ƙarin bayani. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai 'yan ɗaruruwan yuro na hidimar zango. Amma jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 kowane zango daga waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba tun 2017, Jami'ar Fasaha ta Munich ma ta fara caji a 2024. Kafin biza kuma sai ka zuba yuro 11,904 a wani asusu da ake kullewa, ana sakar maka 992 a wata, bisa adadin da aka sa a Satumban 2024. Ga harshe: ana iya yin digiri na biyu da Turanci, amma neman aiki ba Jamusanci tamkar shiga kasuwa ne da baki a ɗaure.

Game da ejan-ejan masu nemo gurbi, abin da ya kamata ka sani ɗaya ne: da yawansu jami'ar da suka tura ka ce ke biyansu la'ada. Ba haramun ba ne, amma ka fahimci dalilin da ya sa yake ta yabon makaranta guda. Tambaye shi kai tsaye wa ke biyansa. Kada ka bar shi ya buɗe imel da sunanka ya riƙe lambar sirri, kada kuma kuɗin makaranta ya bi ta asusunsa. A 2023 an gano ɗaliban Indiya da dama a Kanada da takardun gurbi na bogi da aka haɗa musu tun daga gida, wasunsu sai bayan shekaru da zuwa suka san abin da ke hannunsu. Saƙo guda zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar, daga adireshinka, ya isa ya tabbatar maka takarda ta gaske ce ko a'a.

Inda na fi ganin asara mai ciwo shi ne zaɓen makaranta, saboda ba a gane kuskuren sai an gama kashe kuɗin. Wasu jerin manyan jami'o'in duniya suke bi, alhali jerin ya fi auna bincike da suna, bai cika gaya maka ko kwas ɗinka na da hanyar zuwa aiki ba. Wasu kuma araha suke bi ido rufe. A Kanada, kasancewar makaranta cikin waɗanda aka amince su ɗauki ɗaliban waje ba ya nufin wanda ya gama can zai samu izinin aiki na bayan karatu. A 2024 aka cire kwasa-kwasan da kwalejojin kuɗi ke koyarwa da lasisin kwalejojin gwamnati daga wannan izini. Mai son likitanci, ko harhaɗa magunguna, ko lauya, tun kafin ya biya kafin alƙalami ya tambayi hukumar da ke ba da lasisi a ƙasar da yake son yin aiki: kuna karɓar takardar wannan makaranta? Wace jarrabawa zan sake zaunawa? Shekara shida ba abin wasa ba ce da za a gano amsar a ƙarshenta.

Haka nan zaton cewa digiri daga ƙasa shi ne izinin zama a cikinta. A Amurka mai bizar ɗalibi ta F-1 na samun wata 12 na aiki bayan karatu, masu kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi a ƙara musu 24. Bayan nan sai bizar aiki ta H-1B, wadda ake ba da sababbi 85,000 a shekara, masu nema kuma sun ninka haka. Jamus na ba da wata 18 na neman aiki. Birtaniya ta buɗe hanyar zaman shekara biyu a 2021, uku ga masu digirin digirgir, kuma ta sanar za ta rage ta farkon zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Duk waɗannan wa'adi ne, agogo na tafiya tun ranar da aka ba ka. Wanda ya jira sai ya karɓi sakamako kafin ya fara nema ya makara, domin manyan kamfanoni a Birtaniya kan buɗe ɗaukar sababbin masu digiri tun kaka, daidai lokacin da kake koyon hanyar aji. Ka san ofishin taimakon neman aiki na jami'arka a watan farko, ka duba jerin kamfanonin da gwamnati ta ba lasisin ɗaukar baƙi, ka nemi aikin sanin makama ko na 'yan makonni ne.

Tallafin karatu kuwa makara ce ke kashe shi. Tallafin Chevening na Birtaniya da Fulbright na Amurka da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai da na hukumar DAAD ta Jamus kusan shekara guda kafin fara karatu ake nemansu. Chevening na son shekara biyu ta ƙwarewar aiki, da alkawarin komawa gida na shekara biyu. A Amurka kuma, mai neman digirin digirgir ya fi dacewa ya nemi sashen da zai ɗauke shi mataimakin koyarwa ko bincike, a yafe masa kuɗin makaranta a kuma riƙa ba shi alawus.

Ka lura yawancin adadin da na kawo na haɗa shi da shekararsa. Da gangan ne, domin dokokin nan ba sa zama wuri ɗaya. Wanda ya tafi Birtaniya a 2022 da matarsa da 'ya'yansa zai ba ka shawara da zuciya ɗaya, amma tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Bidiyon YouTube na bara ma haka yake. Shafin hukumar shige da fice ta ƙasar shi ne abin dubawa, a ranar da za ka cike takarda.

Idan Allah ya sa ka isa, kowane ƙarshen zango ka karɓi takardar sakamakonka mai hatimi, ka ɗauki hotonta ka ajiye a imel tare da na fasfo da rasit ɗin biyan kuɗi. Ɗaliban da yaƙi ya kora daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 da jaka ɗaya suka fito, kuma da suka je neman wata jami'ar ta karɓe su su ƙarasa, abin da aka fara tambayarsu shi ne shaidar shekarun da suka riga suka yi.