Bututun shaƙar iska mai sanyi a lokacin ruwa: yadda za ka kare injin ka kuma kula da filta

Masu son ƙara wa mota ƙarfi kan cire akwatin filtar iska na kamfani, su ɗaura dogon bututu da ke gangarawa can ƙasa bayan bamba ko gaban taya, inda iska ba ta ɗauki zafin injin ba. Hujjarsu gaskiya ce: iska mai sanyi ta fi nauyi, duk saukar digiri 3 na zafi kan ƙara mata nauyi da kusan kashi 1 cikin 100, kuma injin fetur na buƙatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone kilo ɗaya na mai sarai. Ribar dai ba ta da yawa a motar da ba a taɓa komai nata ba, galibi sautin ne ya fi canzawa. Abin da ya canza ƙwarai shi ne bakin da injin ke numfashi da shi ya sauko kusa da ƙasa.

Ruwan sama da ke zuba ba shi ne abin tsoro ba. Feshin da ke tashi daga titi, ko 'yan ɗigon da suka ratsa filta, zafin silinda ne ke mai da su tururi su fice ta salansa. Ruwan da ya kwanta a hanya shi ne ke kashe inji. Ɗauki injin lita 2 mai silinda huɗu: kowace silinda na cin mililita 500, kuma idan matsinta 10 ne bisa 1, sararin da ke saura lokacin da fistin ya kai ƙololuwa bai wuce mililita 56 ba. Ruwa ba ya matsuwa, kamar sirinjin da aka cika aka toshe bakinsa. Da zarar abin da ya shiga silinda ɗaya ya zarce wannan sarari, fistin zai daki ruwa ya tsaya cak, alhali sauran injin na ci gaba da turo shi. Sandar fistin ce ke fara lanƙwashewa, wani lokaci ta karye ta huda jikin injin. Injin dizil ya fi saurin illa, domin matsinsa ya fi yawa, sararin nasa kusan rabin wancan ne. Kuma injin lita 2 ɗin nan, in an taka totur har ƙasa yana juyi 3,000 a minti, iskar da yake zuƙa ta kusa lita 3,000 a minti guda. Filta ta nutse na daƙiƙa biyu kawai, magana ta ƙare.

Saboda haka aikin farko shi ne awo. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa tef ka auna daga ƙasa zuwa gindin filtar, ba tsakiyarta ba. Sannan ka duba inda wannan tsawo ya tsaya a jikin taya, don shi za ka riƙa kwatantawa da ido idan ka ga motar gabanka ta shiga ruwa. Ka rage wani abu daga awon, saboda bamba na tura ruwa gaba ya taru ya yi tudu, babbar mota kuma in ta gifta takan turo igiyar ruwa da ta fi asalin zurfin. In ba makawa sai ka ratsa, ka bari hanya ta yi sarari, ka sa giya ta ɗaya, ka tafi da saurin mai tafiya a ƙasa, ƙafarka a tsaye kan totur ba tare da zaburarwa ba. Ruwan da ba ka ga ƙarshen zurfinsa ba, juyawa ta fi.

Daga nan sai ka leƙa ƙarƙashin mota. Robar da ke lulluɓe da cikin ramin taya da farantin roba na ƙasan injin su ne ke tare feshin taya. Masu ɗaura bututu kan yanke su ko su cire su gaba ɗaya don neman wuri, sai taya ta riƙa watsa wa filta ruwa da laka kai tsaye. A mayar da su, a sa sabbin maɓallai inda suka ɓalle. Akwai kuma rigar filta mai korar ruwa, irin wadda kamfanin filta K&N ke sayarwa da sunan DryCharger. Tana maganin feshi da ƙura, amma kada ta ruɗe ka, ba ta hana komai idan filta ta nutse. Abin da aka ƙera don nutsewa shi ne bawul ɗin kewaye irin na kamfanin AEM, wanda ake sakawa a saman bututu: idan ruwa ya toshe ƙasa, sai ya buɗe injin ya ja iska daga sama. Soson da ke jikinsa yana tsufa, yana buƙatar dubawa. A ganinmu, wanda bututunsa mai gaɓa biyu ne, mafi sauƙi shi ne ya kwance gaɓar ƙasa idan lokacin ruwa ya kama, ya ɗaura filtar a sama kusa da injin. Zai shaƙi iska mai ɗumi, ƙarfin da zai rasa kuwa da wuya ƙafarsa ta ji shi.

Idan injin ya mutu a cikin ruwa, kada ka sake murza makulli. Wannan gwaji na biyu ma na iya lanƙwashe sandar fistin. A ja motar zuwa tudu, a cire filta da bututu a zubar da abin da ke ciki (mota mai turbo har da na'urar sanyaya iskarta, don ruwa na kwanciya a can). A cire fiyus na famfon mai, a cire kwayil, a kwance fulogogi duka, sannan a buga sitata na 'yan daƙiƙu ruwan ya feso ta ramukan. A injin dizil nozul ko fulogin ɗumama ake cirewa. Ja sandar auna baƙin mai: in ya yi fari-fari ya haɗu da ruwa, a juye shi a canza filtarsa kafin a tayar. Ko injin ya tashi lafiya, a auna matsin kowace silinda, domin sandar da ta ɗan lanƙwasa takan nuna kanta da ƙarancin matsi tun kafin ta karye.

Kula da filtar kanta ya danganta da irinta. Ta takarda ba a wanke ta, kuma hura ta da iskar kwamfaresa na yaga ƙananan ramukanta, ƙura ta samu hanya. A canza ta bisa littafin motar, galibi tsakanin kilomita 15,000 zuwa 30,000, ƙasa da haka a hanya mai ƙura. Wadda ta jiƙe ta kumbura ta gama aiki ko da sabuwa ce. Busasshiyar filtar roba-roba kuwa wankewa kawai take so, ba a sa mata mai.

Ta auduga mai mai ita ce ke son haƙuri. Kamfanin K&N ya ce tasa na iya kai kilomita 80,000 a kan kwalta kafin wanki, amma laka ba ta san wannan lissafi ba, idan ka daina ganin ragar wayar saboda datti, lokaci ya yi. Kaɗe ta a hankali, ka fesa mata ruwan wankinta ciki da waje, ka bar ta minti 10 ba tare da ya bushe a jikinta ba. Ɗauraye da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren ciki mai tsabta zuwa waje, don dattin ya fita ta inda ya shigo. Ban da fetur, ban da injin wankin mota, ban da busarwa da wuta ko kwamfaresa, duk suna lalata audugar. A bar ta ta bushe da kanta ƙarau, ko da za ta kwana. Sannan ka bi kan kowane ninki da siririn layin man filta sau ɗaya, ka jira minti 20 ya bazu, ka ɗiga kaɗan a wuraren da suka rage fari.

Yawan mai shi ne kuskuren da aka fi yi. Rarar na bin iska ta manne a siririyar wayar sensar MAF mai auna iskar da ke shiga, ƙura ta like a kai, sensa ta fara ba kwamfutar mota ƙaramin lissafi. Sai mota ta riƙa shaƙewa idan an taka, silo ya ƙi daidaita, fitilar injin ta kama, na'urar gwajin mota ta nuna lambar matsala P0101 ko P0171. Maganinsa feshin da aka yi musamman don wannan sensa, ba na kafireto ba, kuma ba a taɓa wayar da tsumma ko yatsa. A bar ta ta bushe kafin a jona.

Wajen mayarwa, toshe bakin bututu da tsumma mai tsabta muddin filta na waje, kuma ka tabbata ka cire shi. Goge bakin filtar kada ya yi santsi ya zame. Ɗaure kowane kilif daidai, ka girgiza bututun da hannu, ka duba ƙaramin tiyon numfashin injin yana wurinsa. Duk ɓular da ke bayan sensa iska ce da ba a tace ba kuma ba a auna ba, don haka a sake bin kilif ɗin da sukundireba bayan 'yan kwanaki, lokacin da robobin haɗin suka sha zafi suka zauna.