Rijiyar burtsatse ko ruwan famfo: inda masu gida suka fi yin tuntuɓe

Yawancin masu sabon gini ba lissafi suke yi ba, maƙwabci suke kallo. Ya haƙa burtsatse ya samu ruwa, sai a kira mai injin, a nuna masa kusurwar fili, a ce nan za a sa. A Kano, Zariya da Jos wannan caca ce, domin ƙarƙashinsu dutse ne, kuma ruwan yana kwance ne a cikin tsagar dutse da ruɓaɓɓen saman sa. Gidan da ke jikin katangarka zai iya faɗawa kan tsaga, kai ka faɗa kan dutse busasshe. Sakkwato da Maiduguri ba haka suke ba, can ruwan cikin yashi yake, sai dai a yi zurfi. Gyaran shi ne a fara biyan masanin ƙasa ya auna filin da na'ura, ya rubuta inda za a haƙa da zurfin da yake zato. Kuɗin awon bai kai na ramin da ya fito babu ruwa ba.

Sai lokacin haƙa. Rijiyar hannu da aka gina a watan Agusta tana yaudara: ruwan ƙasa ya taso, mahaƙa su tarar da shi a gaba biyar, su tsaya. Bazara na shigowa guga ta dinga dawowa da taɓo. A haƙa a Maris ko Afrilu, kuma a ci gaba da zurfafawa bayan an ga ruwan farko.

Kuskuren da ya fi ɗaga hankali shi ne na masai. A fili mai ƙafa 50 da 50, mutum ya sa rijiya a wannan lungu, shadda a wancan, ya manta da ta maƙwabcinsa da ke bayan katanga. Abin da aka saba ba da shawara shi ne tazarar mita 30, rijiyar kuma ta kasance a sama, shaddar a gangare. A cikin ƙwaryar birni wannan tazara sau da yawa ba ta samuwa, kuma a nan gaskiya rijiya marar zurfi ba ta sha ba ce, ta wanki ce da ban ruwan shuka. Ko burtsatsen ma, idan ba a toshe zagayen bututun da kwaɓaɓɓen siminti ba a mita biyar na sama, ruwan kwata yana bin jikin bututun ya gangara har ƙasa. 'Yan kwangila da yawa suna tsallake wannan aiki tunda ba a ganin sa. Mai gida ya tsaya a kai ranar da za a zuba, ya ga tsakuwar da aka sa a zagayen bututun wankakkiya ce, ba ɓaraguzan da injin ya tofo ba. A yi daɓen siminti a bakin rijiyar mai gangara waje.

Ruwa garau ba shaidar lafiya ba ce. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa, alhali ido bai ga komai a cikinsa ba. A kai ruwan ɗakin gwaji kafin a fara sha. Fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, sinadarin naitiret kada ya wuce 50, ƙwayar cutar da ke zuwa daga bayan gida kuwa kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire sinadaran nan biyu. A maimaita gwajin bayan damina ta farko.

Wajen famfon sumo, wato injin da ake zurawa cikin burtsatse ya turo ruwa sama, nan ma ana ɓarna. A sayi mai ƙarfin doki biyu a jefa a rijiyar da ba ta iya ciyar da shi, ya zuƙe ruwan cikin minti ashirin, ya ci gaba da juyi a bushe har ya ƙone. A sa ɗan kwangila ya ja ruwa na sa'o'i a jere ya auna lita nawa take bayarwa, sannan a zaɓi injin daidai da hakan.

Masu zaɓar ruwan hukuma nasu kuskuren daban ne. Ganin bututu a layi ba ya nufin ruwa na zuwa. A tambayi matan unguwar sau nawa famfo ke kawowa a mako, musamman da zafi. Yawan kurar 'yan garuwa a layin ma amsa ce. Sannan a lissafa: mutum ɗaya lita 50 a rana a ƙalla, gida mai mutum goma lita 500, tanki mai lita 2,000 zai riƙe su kwana huɗu. Wanda bai tanadi tanki ba, ya ja ruwa ne amma jarka zai ci gaba da saye.

Kada a ɗaura injin kai tsaye a bututun hukuma don a ja ruwa da ƙarfi. Bututun da ya sha zama babu ruwa, ga shi ya ratsa ta cikin lambatu, da zarar an zuƙe shi sai ƙazanta ta shiga ta kowace fasa, maƙwabta na ƙasan layi kuma su rasa ko ɗigo. Ruwan ya fara zuba a tankin ƙasa da kansa, daga nan injin ya ɗaga shi sama. Idan an daɗe ba a kawo ba, a bar na farko ya zube har ya washe. Wanda za a sha a sa masa maganin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30.

Gidan da ke da duka biyun ya raba su. Kowane ya zo da bututunsa ya zuba ta saman tanki, kada a haɗa su da mahaɗi ɗaya, in ba haka ba ranar da aka ɗauke na hukuma ruwan rijiyarka zai koma cikin layin unguwa. Tankin kansa a rufe shi ruf, a kwashe a wanke duk wata shida.